Ƙunshin Ranar Likita

Ranar da aka yi wa Inna rajistar inshorar lafiya, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓarta. Ma'aikacin ya dangwala babban yatsanta na dama a kan gilashin, ya goge, ya sake dangwalawa, ya koma na hagu, na'urar tana ta nuna jar wuta. Da ya gaji sai ya juya hannun nata ya duba.

"Inna, ai lalle ne ya rufe zanen. Injin ba ya ganin komai."

"To, sai ya yi haƙuri," in ji Inna. "Lallen ya girme shi."

Matan da ke layi suka kwashe da dariya, ni ma na yi. A ƙarshe aka samu ƙaramin yatsa wanda lallensa ya fara koɗewa, da shi aka yi. Na karɓi katin na jefa a jaka ina jin na yi abin kai. Ban kawo komai a raina ba, kuma ba na jin akwai wanda ya kawo.

Inna ita ta haife ni, kuma ni ce 'yar farinta. Wanda ya san mutanenmu na ƙasar Gwaram ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka yaye ni goggona ta ɗauko ni daga Kwandiko ta kawo ni Birnin Kudu, a nan na yi makaranta, a nan na yi aure, a nan nake koyarwa har yau. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan dole ta kama ta ambace ni sai ta ce "ta Birni". Idan na je gaishe ta, ƙauren ƙofar gidan take kallo tana amsawa, kamar shi ne ya zo daga nesa. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba ma cin kwano ɗaya, balle a kai ga ta kwance zani ta nuna min inda ke mata ciwo. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Na san duk kaka sai ƙanina ya sauke min buhun gero da ƙullin daddawa ya ce wai "an ce a kawo", kuma na san wace ce "an". Amma ina da zuciya, kuma akwai ranakun da kunyar nan take ƙona min rai.

Ciwon suga ya kama ta bayan rasuwar Baba. Ƙanina direba ne, yana jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, wani lokaci ya wuce Kano. Duk wata shi yake ɗauko ta tun da asuba ya kawo ta asibiti, ni kuma in nemi izini a makaranta in same su a layi. Likitan da ke duba ta a lokacin wani dattijo ne mai ƙaramin gemu da ba ya son surutu. Ko an tambaye ta ta ce da sauƙi, ba ya kulawa. Sai ya ce a cire takalmi. Ya ɗora ƙafarta a kan wata 'yar kujera, ya kama ta da hannunsa, ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya latsa, ya sosa tafin da wani siririn tsinke yana tambayarta ko ta ji. Wani lokaci har sunkuyawa yake yi kusa da ƙafar, a lokacin ban san dalili ba. Ni dai bango nake juyawa ina kallo, don kada mu haɗa ido da ita.

Inna ta tsani wannan zuwa asibiti fiye da ciwon kansa. Hanyar tana jijjiga mata ƙashi, layin yana cinye mata yini, sannan a ƙarshe wani ƙato da ba muharraminta ba ya riƙe mata ƙafa a gaban 'yar farinta. Idan mun fito sai ta sha kunu har su koma gida. Ta taɓa ce wa ƙanina, ina ji, "Wannan mutum, ko mahaifinku bai taɓa leƙa min tsakanin yatsu ba."

A ofishin malamai na fara jin labarin a rediyo, cewa an faɗaɗa inshorar, yanzu ta haɗa da ganin likita ta waya. Tsofaffi masu suga da hawan jini da ke ƙauyuka ba sai sun zo gari ba. Za a kai babbar waya ƙaramin asibitin kowace mazaɓa, likita ya fito a jikinta, ya gan ka, ka gan shi, a ba ka maganinka a nan take. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ƙanina ya fi ni murna, don ranar asibiti ranar asarar fasinja ce a wurinsa. Inna kuwa da aka yi mata bayani, tambaya ɗaya ta yi.

"Hannunsa yana fitowa ta cikin wayar?"

Aka ce mata a'a.

"To Allah Ya yi wa gwamnati albarka."

Bayan 'yan watanni da farawa na je Kwandiko hutun makaranta, zuwana ya dace da ranar likita. Tun jajibere na ga gidan ya canza. Da la'asar matar ƙanina ta daka ganyen lalle ta tankaɗe, ta kwaɓa da ruwan lemon tsami a tsohon kwanon shan nan da na sani tun ina yarinya. Inna ta miƙe ƙafafu a kan buhu, aka lafta mata tun daga yatsu har idon sawu, aka naɗe da leda da tsumma. Da safe aka kwance, aka bi da gishirin lalle da toka, ƙafafun suka yi baƙi wuluk suna sheƙi. Ta yi wanka, ta ja kwalli, ta tsuguna a kan kasko ta sha turaren wuta, ta ɗauko mayafin da take zuwa suna da shi.

Na ce wa matar ƙanina, yadda Inna za ta ji, "Biki ake yi a garin ne ban sani ba?"

Inna ta amsa wa ƙaure. "Mutum zai taso hotonsa tun daga birni ya zo ganinka, ka je masa da faso kamar wadda ta fito daga gona? A da mu muke zuwa wurinsa. Yanzu shi ne baƙo."

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Da muka isa asibitin na tarar da benci cike da tsofaffin garin, kowace ta sha ƙunshi da kwalli, ƙamshin turare har bakin hanya. Maza a ɗaya gefen sun sa rigunan Juma'a. Malamar asibitin, wata mai haƙuri da fara'a, ta huda wa kowa yatsa ta auna suga, ta auna jini. Sannan ta ɗauko wayar, mai faɗi kamar allon karatu, ta tsaya da ita a bakin taga, don nan ne kaɗai sabis yake zama.

Likitan matashi ne, mai ladabi, da Hausarsa tas. Fuskarsa takan tsaya cak bakinsa a buɗe, muryar ta ci gaba ita kaɗai, sannan fuskar ta biyo ta a guje.

"Inna, ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya iyali?"

"Ƙafa fa? Tana ciwo?"

"Ko kaɗan."

Kuma gaskiya ta faɗa. Ƙafafun Inna sun daɗe da daina jin ciwo. Zafi kawai suke mata daga ciki kamar ta taka rairayin bazara, shi ma ta ce lalle yana kwantar da shi.

Ya ce a nuna masa. Inna ta ɗan ɗage bakin zani kamar mai tsallake ruwa, malamar ta sunkuyar da wayar. Da wayar ta bar bakin taga sai hoton ya dagule. Aka ɗago, aka sake sunkuyarwa. Na ji muryarsa yana dariya.

"Inna ta sha ƙunshi kamar amarya. Amma don Allah wata mai zuwa a bar min ƙafar haka nan, ina so in ga fatar."

"To," in ji Inna.

Na san wannan "to" ɗin. Shi take ce wa Baba idan ba ta da niyyar yin abu. Wata mai zuwa kuma wani likitan ne ya fito, na bayansa ma wani ne daban. Matar ƙanina ta ce min kowannensu sai ya yaba ƙunshin, wasu su roƙi a bari, Inna ta ce to.

Da kaka, ana yankan dawa, Inna ta bi yara gona don ba ta iya zama. A can tushen kara ya soke ta a ƙarƙashin babban yatsan dama. Ba ta ji ba. Jini aka gani a silifa. Matar ƙanina ce ta faɗa min a waya, a tsakiyar wata hira, tsakanin labarin farashin riɗi da na haihuwar akuya. Na ce a nuna wa malamar asibiti. Ta ce Inna ta ce abin bai kai ya kawo ba, ta cusa lalle a wurin, ya kame.

Daga nan abubuwa suka fara zuwa min ɗaya bayan ɗaya, kowanne ƙarami, wanda idan ka faɗa wa wani sai ya ce ka cika tsegumi. Aka ce Inna ta karɓe ƙunshinta, yanzu da kanta take yi, a ɗaki, ƙofa a saye. Aka ce ba ta jiran jajiberin likita, kafin wani ya koɗe ta ɗora wani. Ƙanina ya ce min cikin wasa turaren wutan da nake aika mata ba ya kwana biyu, ko sayarwa take yi. Ni ban yi dariya ba.

Na je wata Asabar ba tare da na sanar ba. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale, ƙafafu a miƙe, ta rufe su da tsohon zani duk da ana rana. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa wa ƙaure. Kasko yana hayaƙi a gefenta da tsakar rana. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani abu, mai ɗan zaƙi-zaƙi, mai nauyi, irin wanda ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Ƙudaje suna sauka a kan zanin, ta kore su, su dawo wuri ɗaya, gefen dama.

Na ce, "Inna, kamar ina jin wani wari."

"Ɓera ne ya mutu a rufin ɗaki. An ce yara su duba, sun ƙi."

"Ƙafar fa?"

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Can ta ce, ba da ni ba, da kajin da ke tsakar gida, "Mutanen birni da tambaya. Likita ma ya gani ya ce ba komai."

Tsakanina da zanin nan bai fi taku biyu ba. Na zauna ina kallonsa har aka kira la'asar. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce me ya hana ki miƙa hannu ki yaye. Ni ma na tambayi kaina a mota ina komawa, ina jin haushinta, ina jin haushin goggo da ta koya min sunkuyar da kai, ina jin haushin garin gaba ɗaya. Ban taɓa taɓa jikin Inna ba tun da aka yaye ni. Hannun ya ƙi tashi.

A tasha na tare ƙanina na ce ya kawo ta Birnin Kudu a duba ƙafar da hannu. Ya ce zai yi mata magana. Ya yi, ta ce ba inda za ta, ita da gwamnati ta hutar. Da na matsa masa sai ya ce, "Yaya, shekaranjiya fa likita ya gan ta. Suganta ma an ce ya ɗan hau ne kawai, an ƙara mata ƙwaya. Mu mun fi likita sani ne?"

Wannan magana ita ta rufe bakin kowa a gidan. Likita ya gani. A da idan tsohuwa ta kwanta, maƙwabta sukan shigo su dudduba, wata ta taɓa goshi, wata ta ce a'a, wannan a tafi asibiti. Yanzu kowa ya saki jiki, an san akwai mai gani duk wata. Ni kuma na koma aji ina koyar da yara, warin nan yana biye da ni. Sai in buɗe tukunya in ji shi. Na daina sa turaren wuta a ɗakina.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kira matar ƙanina ta kara wa Inna waya a kunne. Hirarmu ba ta canzawa. Kuna lafiya, ya yaran, ya maigidan, to a gaishe su. Daga nan sai in ji ta ture wayar. Wata Juma'a, sanyi ya fara shigowa, na kira kamar kullum. Matar ƙanina ta ce Inna na kwance, zazzaɓi ne ya hana ta fita kwana biyu, har ranar likita ta wuce ba ta je ba. Ta kara mata. Na yi sallama, na ji numfashi kawai.

Sai ta kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, wanda Baba ya raɗa min. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har na ɗauka wata ce ta karɓi wayar. Ta sake faɗa a hankali, kamar tana gwada shi. Sannan ta ce, "Ki zo."

Na yi shekaru ina tunanin idan ranar nan ta zo zan yi farin ciki. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba, na samu ƙanina a tasha yana lodi, na ce ya sauke fasinjansa. Ya kalli fuskata, bai yi musu ba.

Mun isa rana ta karkata. Babu kasko a ƙofar ɗaki, babu mai ƙarfin hura shi, kuma tun daga zaure ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ƙanina ya toshe hanci da hularsa ya tsaya a waje. Na shiga. Tana kwance a kan gado, idanu a buɗe, kuma ni take kallo, ba ƙaure ba. Na durƙusa a wajen ƙafafunta na yaye zanin. Ba ta hana ni ba.

Zazzaɓin ya hana ta sabunta ƙunshi. A ƙafar hagu lallen ya koɗe, ya koma ja-ja, fatar tana leƙowa a gefen yatsu. A ta dama bai koɗe ba. Babban yatsan da na kusa da shi baƙi ƙirin suke, sun ƙanƙance, baƙin ya haura bayan ƙafar ya wuce inda kowace mace take tsayar da ƙunshinta. Na sa yatsana na goga, wai ko zai fita. Wurin sanyi ƙalau.

"Na ɗauka lallen ne ya kama da kyau," in ji matar ƙanina daga bayana, tana kuka.

Inna ta ce, "Ba ya ciwo."

A asibitin Birnin Kudu dattijon nan mai gemu ba ya nan, an ce ya yi ritaya. Wata likita ce ta karɓe mu. Kafin ta ɗaga zanin ta ɗan sunkuya ta ja numfashi, na ga fuskarta ta canza, sai a lokacin na gane abin da dattijon yake yi duk shekarun nan. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce abin ya shiga jini, idan ana son ran sai a yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa, kuma ba za a jira gobe ba. Inna ta ce a mai da ita gida ta koma ga Allah da ƙafafunta biyu. Ƙanina ya fita yana share ido. Ni na zauna a bakin gadon, a kan katifa ɗaya da ita, na riƙe hannunta, na ce ban yarda ba. Na ce yau ta fara kiran sunana, ba ta isa ta kira sau biyu ta tafi ba. Ta juyar da kai wajen bango ta yi shiru. Shirun muka kai wa likita a matsayin yardarta.

Inshorar ta ɗauki nauyin aikin, da magani, da gadon, har da sandunan da aka ba ta. Ba zan ci amanar gaskiya ba, maƙwabcinmu mai hawan jini yana raye yau saboda wayar nan, shi da bai taɓa yarda ya hau mota zuwa asibiti ba. Amma duk lokacin da na ji a rediyo ana cewa an kai tsarin wata sabuwar mazaɓa, Zandam ko Sundimina ko wani wuri, ba wayar nake gani ba. Bencin nake gani, tsofaffi a jere sun sha kwalli da turare, kowace ta naɗe ƙafafu tun jajibere don girmama baƙo. Na je na faɗa wa malamar asibitin Kwandiko, ta ce yanzu da hannunta take duba ƙafar kowa kafin a kunna waya, amma rabinsu sun daina zuwa tun ranar da ta fara.

Inna tana wurina yanzu a Birnin Kudu. Da ta warware ta koma ce min "ta Birni", ko da yake a birnin muke mu duka. Sunan bai sake fitowa ba, ni ma ba na fatan ya fito.

Ana jibi Sallah ta ce wa ƙofar ɗakina, "A ce mutum ya yi Idi da farar ƙafa." Na yi kamar ban ji ba. Ta maimaita washegari. Na je na tambayi likita, ta ce a yi ja kawai, ban da gishiri, kuma in duba tsakanin yatsu kafin a sa da bayan an wanke. Na sayo garin lalle, na ɗauko tsohon kwanon shan da aka taho mata da shi daga gida, na zuba daidai inda na ga ana zubawa tun ina yarinya, na kwaɓa. Inna ta miƙo ƙafar a kan cinyata tana kallon taga. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na latsa, na sunkuya na shinshina. Na shafa har idon sawu, na naɗe da leda, na ɗaure.

Da na gama na duba kwanon, rabi yana nan. Ita ma shi take kallo.

"Kin cika ɓarna," in ji ta. "Gobe ki rage."